A bar kasuwa ta yi halinta, ko gwamnati ta shigo? Tambaya daga Taura

Malamin Firamare, Taura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a ƙaramar hukumar Taura, kuma kamar yawancin malaman karkara, albashi ba ya riƙe mini gida sai na haɗa da gona. Ina da ɗan fili a fadama inda nake noman shinkafa da rani, sai gonar tudu ta gero da wake wadda muka gada. Tambayar da na kawo ta daɗe tana raba kanmu a majalisarmu ta bayan Magariba, har wasu ba sa son a tayar da ita.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutumin birni a kuɗin mota yake jin wannan, mu kuwa a bakin injin ban ruwa, domin idan ranar ruwan shinkafa ta zo, ko dai a zuba mai a jarka a tafi fadama, ko a zuba ido ƙasar fangali ta tsattsage. An ce mu yi haƙuri, kasuwa za ta yi halinta, amfanin gona zai yi daraja, manomi zai mayar da kuɗinsa. Ya kuwa yi daraja a 2024, har wasu a garinmu suka sauya rufin ɗaki, wasu suka sayi babur. To amma a watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, bayan nan farashin hatsi ya yi ta sauka, alhali taki da mai da maganin feshi suna nan inda suka hau. A girbin da ya wuce na tsaya a kasuwar Gujungu ina lissafi a bayan wata takarda, na haɗa kuɗin iri da dashe da taki da mai da na masu yanka da bugu, sai na ga abin da dillali ya miƙo mini bai cike ramin ba. Maƙwabcina da ya ci ba-da-kaka, buhunan da ya auna wa mai bashi sun fi waɗanda ya shigar gida.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: idan kayan da muke saye suka tashi, sai a ce kasuwa ce, ba ruwan gwamnati, idan kuma kayan da muke sayarwa suka tashi, sai gwamnati ta shigo ta karya su. Wasu a majalisarmu suna cewa gara ta janye hannunta gaba ɗaya, ta bar mu da kasuwar da daɗinta da ɗacinta. Wasu suna cewa a dawo da tallafin taki, a ƙayyade farashin amfanin gona, a riƙa ba gidajen talakawa kuɗi. Ni kuma ina tambaya, wanne ne a cikin biyun zai fitar da ƙauye kamar namu daga talauci, kuma idan tallafin ne, daga aljihun wa za a biya shi? Ina roƙon masu sani su yi mini bayani da abin da suka gani da idonsu.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Gujungu da Dawanau

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Shekarata 26 ina sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ina kaiwa Dawanau, kuma na san a idon manomi mu ne masu laifi, amma zan faɗi abin da na sani.

Masu cewa gwamnati ta ƙayyade farashi su tambayi dattawan da suka noma gyaɗa. Mahaifina ɗan baranda ne a zamanin dalar gyaɗa, kuma a wancan lokacin hukumar sayen amfanin gona ce take yanke farashi tun farkon kaka, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Tana saye a hannun manomi ƙasa da abin da take sayarwa a Turai, rarar kuma ta shiga baitulmalin gwamnatin Jihar Arewa. An yi ayyuka da kuɗin, ban musa ba, amma gumin manomin Ringim da Gumel da Kazaure ne, kuma ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda ba. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta biyo baya ta cinye gyaɗar a 1975, manomi ya koma gero da dawa, hukumomin suka yi ta jan ƙafa har gwamnatin Babangida ta rushe su a 1986. Duk ranar da aka ba wani ofis ikon yanke farashin abinci, mutanen birni zai duba, domin su ne kusa da shi kuma su ne masu iya fitowa titi.

Dubi riɗi da zoɓo. Babu hukumar da ke yanke musu farashi, babu wanda ya taɓa raba wa manomansu tallafin kirki, amma su ne suke shigar da tsabar kuɗi gidaje daga Maigatari zuwa Gagarawa da Malam Madori, saboda masu saye suna da yawa, suna gasa, wani yana ƙara wa wani. Zoɓon da ake tsinka a nan har ƙasar Meziko yake zuwa. Wannan ita ce kasuwar da nake karewa.

Tallafin taki kuwa na ga ƙarshensa sau da yawa. Buhun da aka rubuta masa ba na sayarwa ba ne, na gan shi jibge a rumfa ana cinikinsa da rana tsaka, wanda aka yi dominsa kuma yana gefe yana taya. Tsarin da ya ɗan fi dama shi ne na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, da ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, shi ma bashin da dillalan taki suka biyo gwamnati ya raunana shi. Bashin noma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya lashe sama da naira tiriliyan 1, kuma kowa a nan ya san mutanen da suka karɓa ba su taɓa riƙe fartanya ba, da waɗanda suka ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka ƙi biya.

Abin da ya same ka bana, Malam, ni ma ya same ni, domin na cika sito da tsada na fitar da asara. Sai dai ina ganin kasuwa ba ta ci amanarka ba, sauyin ra'ayin gwamnati ne ya ci. A 2019 an rufe iyakoki, kowa ya ruga noman shinkafa, aka kakkafa injinan casa. A 2023 aka rufe iyakar Nijar saboda juyin mulki, kasuwar Maigatari ta yi sanyi wata da watanni. A 2024 aka buɗe ƙofar shigo da abinci. Babu manomi ko ɗan kasuwar da zai iya tsara shekara uku a gaba a kan irin wannan. Ni buƙatata ga gwamnati kaɗan ce: ta tsaya a kan magana ɗaya, ta gyara hanya, ta rage shingayen da ake tatsar direba a kowannensu, ta kai ruwa gona. Madatsar Tiga da Audu Bako ya gina ta fitar da mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam daga zaman rani fiye da duk shinkafar da aka taɓa rabawa a gidan wani ɗan siyasa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kafin Hausa

Alhaji, na karanta bayaninka da natsuwa, kuma maganar hanya da ruwa ba ni da ja a kanta. Amma akwai mutanen da ba su fito a lissafinka ba, kuma su nake gani kowace safiya a layin awon yara a asibiti.

A watan Agustan bara wata mata ta kawo mini yaro ɗan wata 14. Da na zagaya ma'aunin tamowa a dantsensa, ya tsaya a kan ja, wato tamowar ta yi tsanani. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi laushi ya sauya launi, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Na tambaye ta abin da suke ci, ta ce rumbunsu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, mijin ya tafi ci-rani bai aiko ba, akuyar da take da ita an sayar an sayi magani lokacin da zazzaɓi ya kwantar da babbar 'yarta, gonar kuma tana hannun jingina. Kunun tsamiya take dama masa sau biyu a rana. Wannan matar ba ta da riɗin da za ta kai wa masu gasar saye. Kasuwa tana sauraron mai kuɗi a hannu ne, wanda ba shi da ko sisi kuwa, ko hatsi ya cika rumfuna har rufi, da yunwarsa zai wuce ta gabansu.

Kuma irinta ba tsiraru ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na 2019 ya nuna mutum 87 cikin 100 a Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci, wanda a lokacin naira 137,430 ne a shekara ga mutum ɗaya. Wannan tun kafin a cire tallafin mai ke nan.

Malam, ka yi mini afuwa, akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi maka daɗi ba. Saukar farashin da ta karya ka, ita ce ta sa mata da yawa a nan suka koma ɗora tukunya sau biyu. Mafi yawan gidajen ƙauye, duk da sunansu manoma, abin da suke nomawa ba ya kai su wata shida ko bakwai, daga nan su ma masu awo ne da kwano. Tsadar 2024 ta yi wa mai rarar buhuna daɗi, amma mai sayen kwano ɗaya kullum ta kusa kashe shi, kuma a shekarar na ga tamowa irin wadda ban saba gani ba. Don haka idan ana cewa manomi, a riƙa bambance wane manomin ake nufi.

Ni ina goyon bayan tallafi kai-tsaye ga wanda ba shi da ƙarfin shiga kasuwa. Lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara ba masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata a 2007, na san makafi da guragun da suka daina fita bara, wasu suka sayi tumaki, kuma kuɗin a kasuwar garin aka kashe su, wato har ɗan kasuwa ya amfana. Maganin kyauta ga mai ciki da ƙaramin yaro, idan yana nan a kan kanta, shi ne yake hana a sayar da akuyar da na ambata. Matsalar da na gani a shirye-shiryen tarayya, daga naira 5,000 na zamanin Buhari zuwa 25,000 na wata uku da aka yi alkawari a 2023, ita ce hanyar zaɓen mutane da rashin tabbas. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa da asusun banki a wurin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba, kuɗin su zo sau ɗaya su ɗauke, kuma ba a lokacin da ake buƙatarsu ba. Da za a tambaye ni, sai in ce a tattara ƙarfin tallafin a watanni uku na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, sabon hatsi bai nuna ba, kuma a karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a a ƙofar gidan mai unguwa, domin mutanen gari sun san mai kwana da yunwa fiye da kowace kwamfuta.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Gujungu da Dawanau

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi. Maraya da mara lafiya da tsoho ban taɓa cewa a bar su da kasuwa ba, kuma idan kuɗi ne za a sa a hannun irin wannan matar, ni mai goyon baya ne, domin ta fi kowa sanin abin da gidanta yake bukata. Abin da nake ƙi shi ne a sayo tirelolin shinkafa da sunanta, a ba ɗan kwangila riba, a ba mai sito riba, a raba wa 'yan jam'iyya, ita kuma ta tashi da kwano ɗaya bayan ta wuni a rana. Maganarki ta cewa yawancin manoma masu awo ne gaskiya ce, kuma ni shaida ne, domin mutumin da na saya a hannunsa da kaka shi ne yake dawowa ya saya a hannuna da bazara.

Tsohon Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma, Ringim

'Ya'yana, kun yi magana mai ma'ana, amma kun bar rabin tambayar Malam, wato daga aljihun wa. Na yi shekara 33 a sashen tara kuɗin shiga kafin in yi ritaya, don haka bari in tsaya a nan.

Ina yaro na ga yadda ake karɓar haraji. Da kaka dagaci zai zauna da takarda, masu unguwanni suna kawo mutanensu, wanda bai biya ba a tsare shi a rana ko a kama akuyarsa, wasu magidanta kuma su gudu daji har sai an tashi. Fulani suna kora shanu cikin dare saboda jangali. Harajin kai ne, mai gona ɗaya da mai gona goma bambancinsu kaɗan ne, kuma shi ne ya sa NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami kunnen talakawa. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa take cikinta har 1991, na ga dattawa suna kuka don murna. Har gobe ina ganin ya yi daidai.

Sai dai wani abu ya biyo baya wanda ba mu lura da shi ba a lokacin. Gwamnati ta daina buƙatar kuɗin talaka, domin na mai yana zuwa daga asusun tarayya duk wata, talaka kuma ya daina ganin kuɗin gwamnati a matsayin nasa. Shi ya sa idan aka gina rijiya sai a ce wane ya taimaka mana, a yi masa addu'a, idan ba a gina ba a ce Allah bai nufa ba. Mutumin da ya san an karɓi kuɗinsa yakan tambayi inda aka kai su, wanda ya ɗauka kyauta ake yi masa kuwa godiya kawai ya iya.

Alhali kuwa talaka bai taɓa daina biya ba. Yana biyan kuɗin rasit idan ya shigar da dabba kara, yana biyan na rumfa, ana cire na lodi da na shinge daga farashin buhunsa tun kafin a taya, yana biyan harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 duk lokacin da ya sa kati a waya. Mafi nauyi kuma shi ne wanda ba a ba da rasit a kansa, wato faɗuwar darajar naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma duk matar da ta ajiye kuɗin adashinta a ƙasan akwati an raba ta da babban kaso na darajarsu ba tare da kowa ya taɓa akwatin ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, abu ne mai kyau, amma mutanen ƙauye dama ba ta wannan ƙofar ake shigo musu ba.

Zan faɗi abin da na gani a bakin aiki, ba tare da na kama suna ba. Na yi aiki a wata kasuwa inda littafin rasit biyu ne, ɗaya na hukuma, ɗaya an bugo shi a gefe, kuma abin da yake isa baitulmali bai kai rabin abin da aka karɓa ba. Na kai rahoto, aka sauya mini wurin aiki. Kasuwar nan har na bar aiki ba ta da makewayi ko famfo ɗaya.

Tallafin mai, a ganina, bai cancanci kuka mai yawa ba, domin mai motoci biyar da mai fasa-ƙwauri zuwa ƙetare sun fi mai injin ban ruwa shan romonsa nesa ba kusa ba. Abin tambaya shi ne kuɗin da aka ce an tsimin. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa ya ƙaru sosai tun daga lokacin, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi nasu kai-tsaye. To, Malam, kai da kake da ilimi, ka taɓa zuwa sakatariya ka tambayi nawa ya shigo a watan jiya? Ana buga alƙaluman, ba sirri ba ne. Da ni ne mai iko, da na sa an kafa allo a ƙofar kowace kasuwa ana rubuta abin da aka tara ranar kasuwa da abin da aka yi da shi. Da kuma na ɗauki matasa aiki da rani ana biyansu, su yashe magudanan ruwa, su sare kacalla da ta toshe kogin Haɗeja, su ɗaga jinga kafin ambaliya. Indiya ta yi doka a 2005 wadda ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara da lada. Irin wannan tallafin mai kuɗi ba ya zuwa ya yi layi a kansa, domin sai an riƙe shebur.

Almajirin Ilimi, Dutse

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina so in ƙara abin da na karanta a gaban malamai, domin wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ya tabbata cewa kaya sun yi tsada a Madina, sahabbai suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, bai yi ba, ya nuna musu cewa Allah ne mai sanya farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Wannan hujja ce ga Alhaji. Amma shi ne kuma ya hana ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane, ya hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi, ya hana algus da tauye mudu. Saboda haka malamai da dama suka ce idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba za su rayu babu shi ba, shugaba yana da ikon shiga. Kasuwar da shari'a ta sani sakakkiya ce, amma da mai sa ido a kanta. Wanda yake bin manomi har gona da kuɗi a hannu tun hatsi bai bushe ba, yana saye a rabin daraja saboda ya san an matsu, ya duba wannan hanin da kyau.

Game da wanda ba shi da abin kaiwa kasuwa, ba a bar shi ga tausayin mutane kawai ba, an yanka masa haƙƙi. Amfanin gonar da ya kai ausuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin 10 idan ruwan sama ne ya shayar da shi, ɗaya cikin 20 idan da wahala da kuɗi aka yi ban ruwa, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi 8 na masu karɓa. Ku lura da yadda aka sauƙaƙa wa mai injin ban ruwa, aka kuma ɗauke wa ƙaramin manomi gaba ɗaya, saɓanin harajin kai da Baba ya ba da labari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin da ya yi wa sarakunan zamaninsa inkari a kai. A shekarar yunwa ta zamanin Sayyidina Umar, daga baitulmali aka ciyar da mutane, aka aiko da abinci daga Masar da Sham.

A masarautar Dutse akwai kwamitin zakka da yake tara hatsi ta hannun hakimai da dagatai ana rabawa a gundumar da aka tara, kuma na halarci rabon na ga dami da buhuna da idona. Ba zan ce zakka kaɗai za ta ɗauke nauyin asibiti da makaranta da hanya ba, wannan aikin hukuma ne. Amma da manyan manoman rani da masu sito suna fitar da ita yadda aka wajabta, da layin da Hajiya take gani ya ragu.

Malamin Firamare, Taura

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta tsaya mini, domin a ajina akwai yaran da nake gani suna kwantar da kai a kan benci tun ƙarfe 10 na safe, kuma ban taɓa haɗa wannan da farashin da nake addu'ar ya tashi ba. Duk da haka ban janye kokena ba. Idan gwamnati ta ga dole ta saukar da farashin abinci saboda masu awo, to ta saukar da na taki da mai tare da shi, ko ta sanar tun kafin mu yi dashe, domin mutum uku a fadamarmu sun riga sun ce bana ba za su kunna inji ba, kuma idan irinsu suka yi yawa, tsadar da ake gudu za ta dawo, wannan karon babu hatsin a gida.

Baba, ban taɓa zuwa sakatariya na yi wannan tambayar ba, kuma na ji nauyin hakan. Na yi magana da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, za mu rubuta takarda mu je tare.

Alhaji, saura tambaya ɗaya gare ka. Kai da kanka ka ce wanda ya sayar maka da kaka shi ne yake dawowa saye da bazara. Mu 18 ne a ƙungiyarmu ta manoman fadama. Idan muka sami ɗaki muka tara wake da gero da kaka, akwai hanyar da mutum zai sami ɗan kuɗin biyan bashi a kan buhunansa ba tare da ya sayar ba?

Ɗan Kasuwar Hatsi, Gujungu da Dawanau

Akwai, Malam, kuma na gan shi a ƙauyukan Nijar da ke tsallaken Maigatari. Ana zuba kayan a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da kuɗin, a ba kowa wani kaso na darajar buhunansa, idan farashi ya ɗaga a sayar a biya, rarar ta koma wa mai kaya. Sai dai ku sani akwai shekarar da farashin ba ya ɗagawa, kamar wadda muka fito, don haka kada ku karɓi fiye da rabin darajar kayan, kuma ku kai wa malamai tsarin su duba muku shi saboda riba. Waken ku zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya buƙatar magani, ku ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ina Gujungu kowace Lahadi, a layin 'yan wake. Ku zo ku biyu ko uku da lissafin abin da kowa zai iya ajiyewa, in nuna muku yadda ake rubuta littafin sito.